Shaidu Uku a Bakin Gadon Ƙanwata

Tun muna ajin farko a wannan sashe aka nuna mana cewa akwai kalmomin Hausa masu fuska biyu, waɗanda sai an dubi zancen da suka fito a ciki kafin a gane inda suka dosa. Kalmar "jinya" tana daga cikinsu. Idan aka ce wance tana jinya, mai sauraro ba zai tantance ba ko ita ce a kwance, ko kuwa ita ce zaune a gefen gado tana fifita, sai ya ƙara tambaya. Na rubuta wannan misali a littafina, na kuma kawo shi a jarrabawa aka ba ni maki, alhali kuwa a lokacin ban san akwai mutum na uku da kalmar ta ƙunsa ba, watau wadda jinya ta zame mata ilimi da sana'a. Sai a damunar 2023 na san ta, a wani asibiti na nan Zariya, cikin darare biyu da ba na fatan Allah ya maimaita mini irinsu.

Mu mutanen Basawa ne. Ƙanwata da ke bi na ta riga ni aure, aka kai ta Sabon Gari, kuma da cikinta na fari ya shiga wata 8 sai aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda al'ada ta tanada. A can gidan mijinta ta je awo sau biyu, amma da ta dawo wurinmu sai awon ya tsaya, ba don wani ya hana ba, sai don kowa yana ganin ga Inna ga Gwaggo, waɗanda a tsakaninsu sun ga haihuwa fiye da yadda za a ƙirga. Ƙafafunta suka kumbura, aka ce ai haka mai ciki take. Fuskarta ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita, mata masu shigowa suna tsokanarta wai ɗan da za ta haifa ƙato ne. Kwana biyu kafin abin ya faru ta yi ta kukan ciwon kai, ta ce tana ganin wasu taurari suna gilmawa a idonta, ga kuma wani zafi a saman cikinta ta ƙasan haƙarƙari. Ni da kaina, 'yar jami'a, na tsaya a kemis a Samaru a kan hanyata ta dawowa daga lacca na sayo mata farasitamol da maganin gyambon ciki. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya zaci jahilcin da zan ba da labari na tsofaffi ne kaɗai.

Wajen ƙarfe 11 na dare jijjiga ta kama ta. Wanda bai taɓa gani ba, Allah ya sa kada ya gani. Jikinta ya sandare, sa'an nan ya shiga karkarwa, idanu suka juye, kumfa ta fito da jini-jini saboda ta tauna harshe. Gwaggo ta ce iska ce, ta ruga ɗebo garwashi don turare. Inna kuwa ta ɗauko cokali tana ƙoƙarin cusa shi tsakanin haƙoranta. Wani maƙwabcinmu mai keke napep, Allah ya saka masa da alheri, shi ya katse gardamar da cewa ko iska ce ko ba iska ba ce, shi dai ya tayar da kekensa.

Nas ɗin da muka tarar a ɗakin haihuwa mace ce doguwa da ta manyanta, ba ta da yawan magana, kowa yana kiranta Sista. Abin da ta fara yi shi ne ta zare cokalin daga hannun Inna, ta ce, "Mama, kada a sake sa mata kome a baki, yana karya haƙori, yana toshe numfashi." Ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta share mata baki, ta ɗaura abin awon jini a damtsenta. Ta ce 170 bisa 115, ta kuma aika a kira likita tana haɗa allura a lokaci guda. Daga baya na san cewa daga 140 bisa 90 ake fara cewa jinin mai ciki ya hau, daga 160 bisa 110 kuwa an shiga haɗari, domin jijiyar ƙwaƙwalwa tana iya fashewa. Na kuma san cewa ciwon kai, da gilmawar taurari, da zafin saman ciki, su ne 'yan aiken da jijjiga takan turo kafin ta iso. Duk sun zo gidanmu sun yi sallama, muka sallame su da farasitamol.

Maganin da aka yi mata sunansa maganisiyam salfet. An ba ta giram 4 ta jijiya a hankali, sa'an nan giram 10 a ɗuwawu, 5 a kowane ɓangare, bayan haka kuma giram 5 duk bayan awa 4, ana sauya ɓangare, har sai an cika awa 24 daga haihuwa ko daga jijjiga ta ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya. Wannan tsari ana jingina shi ga wani likita Ba'amurke mai suna Pritchard, wanda ya bayyana shi a 1955. Shi wannan magani aikinsa hana jijjiga dawowa, ba saukar da jini ba. Don saukar da jinin wata allura dabam aka yi mata, ita ma kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin in jinin ya faɗo gaba ɗaya ɗan da ke ciki ne zai rasa rabonsa. Aka sa mata robar fitsari mai jaka a ƙarshenta, aka rataya mata ƙarin ruwa. Naƙuda ta riga ta taso da kanta, kuma da hantsi Allah ya sauke ta lafiya, 'ya mace 'yar mitsitsiya mai kuka kamar mage.

Muka yi hamdala, muka ɗauka an gama. A fahimtarmu, tun da an rabu da cikin to an rabu da cutar. Akwai gaskiya a ciki, domin asalin ciwon daga mabiyiya yake, kuma fitarta ita ce maganinsa na haƙiƙa. Sai dai jiki ba ya mancewa da wuri, jijjiga kuma tana iya dawowa bayan haihuwa. Saboda haka allurar ta ci gaba, ƙarfe 12 na rana, ƙarfe 4 na yamma, kowace da kuka, don tana da zafi ainun ko da an haɗa ta da maganin kashe zafi.

Na lura kafin kowace allura nas ɗin da ke bakin aiki takan yi abubuwa uku. Takan tsaya shiru tana kallon ƙirjin ƙanwata da agogo a hannu. Takan tallafo ƙafarta ta ƙarƙashin gwiwa ta buga ƙasan ƙoƙon gwiwar da wata 'yar guduma mai kan roba, ƙafar ta yi tsalle. Sa'an nan ta durƙusa ta dubi jakar fitsari, ta rubuta, ta juye. Na gani da idona har sau uku, amma ban tambaya ba. Na ɗauke shi irin abubuwan da ma'aikata kan yi don a ga suna aiki.

Da magariba aka ce mana ga dangin mijinta nan tafe, har da surukarta da wani baffansa dattijo. Na dubi ɗakin da idon baƙo, sai na ga jakar nan tana reto a gefen gado, fitsarin ƙanwata a fili ga kowa, kuma surukai ne za su shigo. Kunya ta kama ni a madadinta. Na ɗauko fo, na buɗe bakin jakar kamar yadda na ga ana yi, na juye, na kai bayan gida na zubar, na rufe jakar da gefen zane. Har Inna ta yaba mini da hankali.

Ƙarfe 8 na dare Sistar daren jiya ta karɓi aiki. Ta zo da tire, allura a haɗe. Ta ɗaga zanen, ta dubi jakar, ta ga abin da ke ciki bai fi cikin cokali biyu ba. Ta duba takarda, ta sake duban jakar, sa'an nan ta ɗago kai ta ce, "Wa ya taɓa wannan?" Na ce ni ce, na kuma fara bayanin surukai. Ba ta bari na ƙarasa ba. "Nawa ne? Wace kala?" Na ce bai kai rabin ƙaramin kofi ba, kuma ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Ta ce, "Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shaidu uku nake da su a kan yarinyar nan, kin kore mini ɗaya."

Ba ta ƙara cewa kome ba. Ta ajiye tiren, ta tallafo ƙafar ta buga. Shiru. Ta sake bugawa, ta koma ɗaya ƙafar, ita ma shiru, kamar an bugi itace. Ta ƙirga numfashi minti guda cur, ta ce 14. Ƙanwata tana amsa kira amma da kyar, idanunta a lumshe, ta ce jikinta ya yi nauyi, zafi yana taso mata a fuska. Sista ta mayar da murfin allurar, ta aika a kira likita, ta ɗauko wata 'yar kwalba dabam ta ajiye a kan durowar gefen gado.

A nan ne Gwaggo ta harzuƙa. Ta ce mun sayi allura da kuɗinmu, likita ya rubuta a yi, lokaci ya yi, don me za a hana yarinya maganinta? Na zaci Sista za ta yi faɗa, sai na ga ta jawo kujera ta zauna, ta yi mana bayanin da har yau nake ganin ya fi laccoci da yawa da na zauna. Ta ce wannan magani ta ƙoda kaɗai yake fita daga jiki, watau ta fitsari. Ciwon da ya kawo jijjiga kuma yakan taɓa ƙoda. In ƙoda ta yi sanyi, maganin da aka yi ɗazu yana nan bai fita ba, in aka ƙara wani a kansa sai ya taru. In ya taru, abin da ya fara ɗaukewa shi ne tsallen gwiwa. In aka ƙi ji aka ƙara, sai ya kwantar da naman da ke jan numfashi. In aka ƙara kuma sai zuciya. Don haka ka'idar ita ce ba a yin allura ta gaba sai shaidu uku sun yarda: gwiwa ta yi tsalle, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari kuma ya kai mililita 30 a kowace awa cikin awa 4 da suka wuce. 'Yar kwalbar da ta ajiye kuwa kalsiyam gulukonet ce, makarin maganin, wadda ake ba da giram 1 ta jijiya a hankali in numfashi ya nemi tsayawa. Ta ce, "Gwaggo, takarda ta ce ƙarfe 8. Jikin yarinyar ya ce a dakata. Ni na jikin nake bi, likita ma in ya zo haka zai ce."

Haka kuwa aka yi. Likita ya zo ya duba, ya ce a dakatar, a ɗebi jini a gwada ƙoda, a sa ido. Gwaggo ta ce to in matsalar fitsari ce, ga ƙarin ruwan can yana ɗiga kamar mai jin barci, a buɗe shi mana ya zuba, har ta miƙa hannu wajen 'yar tayar da ke jikin robar. Wannan ne karo ɗaya tak da na ji Sista ta ɗaga murya. Ta ce jijiyoyin mai irin wannan ciwo yoyo suke yi, in aka tura ruwa da yawa ba ƙoda zai tafi ba, huhu zai cika, mutum ya nutse yana kwance a kan gado. Ɗigon nan a ƙirge yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, hanyar biyu ce kuma kowace da rami. In an yi allurar numfashi na iya tsayawa, in an bar ta jijjiga na iya dawowa. Mata fiye da goma ne a ɗakin nan, ga masu naƙuda a ɗaki na gaba, Sista kuwa ita da ɗaliba ɗaya ce. Sai ta juyo gare ni ta ce tun da hannuna ba ya zama wuri ɗaya, ga aiki. Ta nuna mini yadda zan dubi ɗagawar ƙirji, hawa da sauka ɗaya ke nan, in ƙirga minti guda da agogon wayata duk bayan kwata, in rubuta. In ya sauka zuwa 12, ko na ga leɓe ya sauya, ko ta fara fizge-fizge, in kira ta da ƙarfi ko da tana karɓar haihuwa. Jaka kuwa in dube ta da ido kawai.

Na yage takarda daga littafin da nake rubuta darasin ginin jimla. Takardar tana wurina har yanzu: 14, 14, 13, 14, 15, 13. Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Inna tana gefe da carbi, jaririya tana hannun Gwaggo, wadda ta yi shiru tun ɗazu. Duk bayan awa Sista takan leƙo ta auna jini, ta bugi gwiwa, ta dubi takardata ba tare da ta ce uffan ba. Wajen ƙarfe 1 na ga fitsarin ya fara gangarowa a cikin robar, launinsa yana washewa. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin fitsari ba, amma na tashi Inna na nuna mata. Gab da asuba gudumar ta sauka, ƙafar ta ɗan zabura. Numfashi 18. Kwalbar makarin ta koma inda aka ɗauko ta ba a fasa ta ba.

Dole in faɗi gaskiya a kan laifina, ba tare da na ƙara masa ko na rage ba. Zubar da fitsarin da na yi ba shi ya sa ƙodar ta yi sanyi ba. Abin da na yi shi ne na ɓatar da hujja, na bar Sista da ƙiyasin rabin kofi daga bakin wadda ba ta san abin da take kallo ba. Da gwiwar ta yi ɗan motsi mai rikitarwa a daren nan, ba shiru ɗungurungum ba, to da awon fitsarin ne zai raba gardama, ni kuma na kai shi bayan gida.

Da na koma makaranta na shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da kuma intanet ina neman abin da ya kusa cinye mana yarinya, sai na tarar Zariya tana da suna a wannan fage. Tsakanin 1976 da 1979, lokacin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wada, Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a jere, aka buga sakamakon a 1985. Babban abin da ya fito shi ne mace-macen sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci. Shekara kusan 40 bayan haka, mu da ke kwana a gindin jami'ar muka shiga wannan sahu. Shi kuwa maganisiyam salfet, an daɗe ana gardama a kansa kafin wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna a 1995 cewa ya fi dayazifam hana jijjiga dawowa, sa'an nan wani gwajin a 2002, da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage aukuwarta da fiye da rabi ga masu alamunta. A 2008 aka shigar da shi asibitoci 10 na Jihar Kano tare da horar da ma'aikata, mace-macen masu jijjiga suka ragu ƙwarai. Maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ya sa wasu wurare suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi shi ne tsoron taruwar nan tasa a jiki, maganin wannan tsoro kuwa mutum ne mai agogo da guduma da ido, wanda zai dawo bakin gado a kan lokaci.

Ranar da za a sallame mu aka ba mu ƙwayoyin hawan jini, Sista ta tsare ni a baranda ta sa na maimaita mata yadda za a sha. Ta ce kada in ce wa Inna "sau biyu a rana" in tsaya, domin za ta iya ba ta da safe da azahar ta ce an cika; in ce mata bayan asuba da bayan magariba. Ta ce jini yakan sake hawa a kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, a je a auna, in ciwon kai ko gilmawar ido ta dawo kada a jira gari ya waye. Kada kuma a sayo mata magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak sai ƙodarta ta warware. Daga ƙarshe ta ce, "Ki gaya wa su Mama, ban da kanwa."

Wannan ita ce rigimar da ta fi kowace, domin mai jego ba kunun kanwa a wurin Gwaggo kamar amarya ce ba lalle. A nan ma Zariya tana da tarihi. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa, Davidson da Parry, suka buga nazarin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka kuma danganta yawan abin a ƙasar Zazzau da gishirin da ke cikin kanwa, da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, da wankan ruwan zafi na kwana 40. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano daga baya ya karkata ga wasu dalilai, kamar talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam, bai kuma ɗora wa al'adar nauyin da aka ɗora mata da farko ba. Ni a matsayina na ɗalibar al'ada na ji daɗin wannan, don na gaji da ganin ana jibga wa kakanninmu kowane laifi. Amma kanwa dai gishiri ce, kuma wadda jininta ya kai 170 makon jiya ba ta da abin da za ta yi da ita. Na faɗa wa Gwaggo haka da duk ladabin da na iya tarawa. Ta ce wato boko ya kai har cikin tukunyar kunu. Inna ce ta raba mu, ta ce ita ta ga ƙafar nan da aka buga ta ƙi motsi, ta kuma ga sa'ad da ta motsa, don haka abin da matar nan ta ce shi za a yi.

Aka dama kunun da tsamiya, aka sassauta zafin ruwan wanka. Ranar suna Gwaggo ta gaya wa duk wadda ta shigo cewa wannan ne jego na farko da ta gani ba kanwa, tana faɗa tana harara ta. A mako na 6 na raka ƙanwata awo aka sami 120 bisa 80. Muka bi ta ɗakin haihuwa da ƙullin dubulan da cincin don mu gai da Sista, aka ce mana tana aikin dare a wannan makon, ta tafi gida barci, sai muka bar wa ɗalibar ta ajiye mata.